Ajiyar da Na Hana Surukina

Yawo ne ya jawo mini wannan aiki. Na yi zaman Legas, na yi Fatakwal, na sayar da kayan gyaran injin fotokwafi a Kwatano, na taɓa zama a tashar Yamai ina jiran mota har sai da na koyi yadda ake yi wa direba faɗa da Zabarmanci. Da na gaji na dawo gida na zauna a unguwar Gesse a Birnin Kebbi, sai mutane suka yanke hukunci a kaina cewa duk abin da ke da allo da maɓalli na san shi. Wayar maƙwabci ta ƙi magana, a kawo mini. Talabijin ɗin wani ta koma Larabci, a aiko a kira ni. Ni kuwa ban taɓa musawa ba, don ana kawo mini shayi in na je.

To da aka ce za a fara shirya makarantun firamare su yi aiki da ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar nan da ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum, sai aka sa ni cikin waɗanda za a horar. Babu wanda ya tambaye ni. Wani abokina da ke ofishin ilimi ya kira ya ce ai ya riga ya faɗa musu akwai mutumin da ya ga duniya.

A wani zaure babba a Birnin Kebbi aka yi horon. Wadda ta koyar da mu wata malama ce 'yar Filato, kowa Madam yake ce mata. Ta daɗe a unguwar Nasarawa ta nan Birnin Kebbi, 'ya'yanta duk a nan aka haife su, kuma Hausarta ta fi tawa zama ta Kabi, don ni yawo ya lanƙwasa mini harshe. In na ce “me,” sai ta dube ni ta ce a nan “mi” ake cewa, baƙo. Ta nuna mana yadda malami zai sa na'urar ta taya shi tsara darasi, da yadda za ta sauƙaƙa masa bayani don yaron da aka bari a baya. Amma rabin lokacinta a kan hani ya ƙare. Kada a rubuta sunan yaro. Kada a sa hotonsa, kada a faɗi ciwonsa ko gidansu. Ta ce abin da ka rubuta wa na'ura ya bar hannunka, ba ka san inda zai kwana ba.

Da aka zo rabon aiki, sai aka ba ni wasu makarantu na ɓangaren Argungu. Kowane malami yana da ƙofarsa ta shiga, ni kuma aka ba ni babbar ƙofa, wadda in na shiga ina ganin abin da kowa ya rubuta. Aikina in duba, in goge abin da bai kamata ba, in ja kunnen mai shi a ɓoye. Kalmar sirri ce ke buɗe ƙofar. Madam ta sa na zaɓe ta da kaina tana kallon bango, sannan ta ce kada in rubuta ta a ko'ina, kada in faɗa wa kowa, ko ita. Na ce mata ai ni na riƙe sirrin 'yan kasuwar Kwatano, wannan wasa ne. Ta ce za mu gani.

Ranar da na fara shiga ciki ne na gane abin da aka ɗora mini. Mutanenmu yadda suke magana haka suke rubutu. Malami zai fara da sallama, ya tambayi na'ura gajiya, sannan ya ce mata ɗiyar wane mai kanti a bakin kasuwa ba ta ji da kunne ɗaya, ya zai yi da ita. Wata ta rubuta cewa akwai yaro a ajinta mai farfaɗiya, iyayensa sun roƙe ta kada kowa ya sani, ta faɗi sunansa da na uban da unguwarsu. Wani dattijon malami da ya tsufa yana koyar da lissafi ya roƙi na'ura ta koya masa raba ɓangarorin lamba tun daga tushe, ya ƙara da cewa don Allah kada ta gaya wa kowa. Na goge sunaye, na bi su ɗaya bayan ɗaya muna magana a gindin bishiya. Su ce to, in sha Allahu, bayan kwana biyu su sake. A garin da kowa ya san kakar kowa, in wannan ƙofa ta buɗe wa jama'a, akwai yaran da iyayensu za su cire su daga makaranta, akwai malamin da ba zai ƙara iya tsayawa gaban allo ba.

Sai ga maganar surukina.

Mahaifin matata, wanda kowa ke kira Baba, tsohon hedimasta ne a Argungu, kuma shi ne shugaban kwamitin iyaye na ɗaya daga cikin makarantun da aka ba ni. A wannan makaranta akwai al'ada tun kafin in auri ɗiyarsa: duk sabon abin da ya shigo, sai an kai wa Baba ajiyarsa. Mabuɗin sito, mabuɗin famfon burtsatse, na ɗakin shan magani, duk akwai na biyu a wurinsa. Ana kawowa a zaure, a yi addu'a, ya karɓa. Ba ya amfani da su. Shi dai a san cewa in hedimasta ya yi tafiya ko aka yi masa canji, akwai inda za a zo. Kuma gaskiya wannan ya sha ceton makarantar.

Baba ya san sarai cewa wannan mabuɗin kalma ce, don ya fi ni bin labarin duniya a rediyo. Matsalar ɗaya ce. Shi ba ya iya riƙe abu sai ya faɗe shi da ƙarfi. Shekarun da ya yi a gaban aji sun bar masa wannan. Ka gaya masa lambar waya, sai ya ɗaga kai sama ya rera ta kamar yana jan baƙi, ya maimaita, ya sake maimaitawa, har sai mai gyaran keke da ke ƙofar gida ya haddace. Zaurensa kuwa ba ya rabo da mutane. 'Yan kabu-kabu suna fakewa rana a nan, masu dawowa daga fadama suna ajiye fartanya su sha ruwa, kuma tunda idonsa ya yi rauni, duk wanda ke kusa shi yake miƙa wa waya ya karanta masa saƙo. Sirrin da aka kai wa Baba da safe, kafin azahar ya isa bakin gulbi.

Ta bakin matata saƙon ya zo. Tana tankaɗe gari ta ce Baba ya ce yaushe zan kai ajiyar, har liman ya tambaya ranar da za a yi addu'a. Na yi mata bayani tun daga farko, na kawo misalin bankunan Legas, na kawo na filin jirgi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce to in je in faɗa masa haka. Na ce ai ita ɗiyarsa ce, maganar za ta fi daɗi daga bakinta. Ta yi dariya har ta ajiye rariya. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin wanda ya ce wa Baba a'a ba, kuma ba za ta fara don na'ura ba.

Ni kuma ta ina zan fara? Mutumin da ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In na shiga zaurensa takalmina a waje yake, ni kuma a ƙasa, kaina a sunkuye. Ya ba ni ɗiyarsa lokacin da ba ni da komai sai jakar tafiya, 'yan'uwansa suna cewa wannan ba zai zauna ba. Kalmar a'a ba ta cikin abin da ke tsakaninmu. Abin da muke da shi “to, Baba” ne da “in sha Allahu, Baba.”

Sai na shiga ɓuya. In zan je makarantar sai in ajiye mota nesa, in bi ta bayan kasuwar kifi, in shiga ta ƙaramar ƙofa. Mutumin da ya tsallaka iyakoki ba fasfo, ga shi yana laɓe bayan buhunan albasa don kada mai gyaran keke ya gan shi. Bai yi amfani ba. Kafin in koma Birnin Kebbi labari ya riga ni, matata ta tare ni da cewa Baba ya ce an ga bayan rigata.

Na je wurin Madam. Na ce ko za a ba Baba wata ƙaramar ƙofa tasa, ta ce ai ba ƙarama yake so ba, kuma ya san bambanci. Na ce ko a karɓi aikin daga hannuna a ba wani. Ta ce duk wanda za a ba a Argungu ko ɗalibin Baba ne ko ɗan ɗalibinsa, kafin la'asar zai kai masa da hannu biyu, ni kaɗai ne na tsaya ina gumi, don haka ni ne daidai. Ta ce in ina so za ta je da kanta ta yi masa bayani. Na ce ta rufa mini asiri. In aka ji na kai ƙarar surukina ofis har an turo masa jami'a, sai dai in koma Kwatano da zama.

Na yi tunanin in ƙirƙiro wata kalma in ba shi. Har na zaɓi mai daɗin rerawa. Amma na san zauren nan. A ranar wani zai gwada ta a wayarsa, ta ƙi buɗewa, a ce an yi wa Baba ajiyar ƙarya a gaban liman. Wannan ya fi a'a muni.

Ana cikin haka damina ta yi nisa, Baba ya zo Birnin Kebbi ganin likitan ido. Wanda ya kawo shi ya wuce Jega, don haka mayar da shi ya faɗo kaina. Na ce wa matata ta zo mu je tare ta gaida gida. Ta ce tana da wanki. Na buɗe masa gidan baya, ya ce a gaba zai zauna, yana so ya ga shinkafa.

Mun fita gari lafiya. Yana ta yaba gonaki, yana faɗa mini na wane ne wannan, wane ya yi lattin dashe. Na fara sa rai cewa maganin da aka ɗiga masa a ido ya mantar da shi. Mun wuce Ambursa kaɗan sai hadari ya sauko, kuma a gabanmu wata babbar mota mai buhunan shinkafa ta zame ta gindaya hanya. Motoci suka taru gaba da baya. Dama ruwa, hagu ruwa, fadama ta cika har bakin kwalta. Masu babura suna ratsawa ta gefe suna wucewa abinsu, ina kallonsu kamar in roƙi ɗaya ya ɗauke ni. Na kashe mota. Gilashi a rufe saboda ruwan sama, numfashinmu ya rufe shi da hazo. Ban taɓa zama kusa da surukina haka ba. Kafaɗarsa tana taɓa tawa.

Ya bari sai da na gama goge gilashin, na sake gogewa.

“To, ga mu mu biyu. Babu liman, babu mai keke,” in ji shi. “Hwaɗa man abin ga da anka ba ka.”

Na ce to, Baba. Na ce wannan ruwa zai yi wa masu gero daɗi. Ya ce gero ya riga ya sha, ni yake jira. Sai na kama ba shi labarin wani otal a Fatakwal da aka taɓa kulle ni a bayi, labarin da ke sa mutane dariya har su riƙe ciki. Ya saurara har ƙarshe, bai ko motsa ba. Ya ce ya ji wannan tun ranar sunan ɗana na fari.

Daga nan ya yi maganar da ta fi ƙarfina. Ya ce ni mutum ne mai son hanya, kuma hanya ba ta da alkawari. In wani abu ya same ni, wa zai buɗe? Na ce ofis za su iya rufe tawa su buɗe sabuwa. Ya ce ofis nawa ya gani an buɗe an rufe, jami'ai nawa aka kawo aka ɗauke, shi kuwa yana nan inda aka san shi. Gaskiya ya faɗa.

“Ko kuwa ba ka yarda da ni ba na?”

Na dubi sitiyari. Na ce masa a cikin abin nan akwai maganar ɗiyan mutane, irin wadda uwa ke faɗa wa malama a bayan aji tana rufe baki da gyale. Akwai ta malamai ma, har da waɗanda shi ya koyar. Ban faɗi suna ba, ban faɗi ciwo ba. Na ce an ba ni ne a kan ba zan faɗa wa kowa ba, kuma na ce to.

“Ni kowa na?”

“A'a, Baba. Amma Baba in ya riƙe abu, da ƙarfi yake riƙe shi. Zaure kuma yana da kunne.”

Ban san daga inda maganar ta fito ba. Da ta fita na so in bi ta in kamo. Sai na ƙarasa, tunda na riga na jiƙe: “Ba zan iya ba da ita ba, Baba. A gafarce ni.”

Ya juya yana kallon taga, ko da yake babu abin gani sai hazo. Ruwa yana dukan rufin mota. Can gaba mutane suna sauke buhuna suna ihun a ja a tura. Na yi fatan ya yi faɗa, ko ya buɗe ƙofa ya fita in bi shi cikin ruwa ina ba da haƙuri. Ya zauna kawai, yana jan carbi, kuma a karon farko a sanina leɓɓansa suna motsi ba sauti. Da aka buɗe hanya muka wuce. Har Argungu bai ƙara nuna mini gonar kowa ba. A ƙofar gida na zagaya na buɗe masa, ya sauka, ya ce in gaida yara. Na dawo ina tsara yadda zan gaya wa matata cewa na rushe abin da aka daɗe ana ginawa.

Ban sami damar gaya mata ba, don ta riga ni ji. Washegari Baba ya tara kwamiti a zaure ya sanar cewa ya yi nazari, wannan ajiya ba irin ta sito ba ce, kuma ya umarce ni kada in ba kowa, har shi kansa. Liman ya yi addu'a a kan haka. Mai gyaran keke ya yaɗa. Na ji daɗi har na sayo nama.

Ban gama cin naman ba sauran hukuncin ya iso. Baba ya ce tunda ajiyar ba ta da ta biyu, mai riƙe da ita ba ya tsallaka iyaka, ba ya kwana a wani gari sai da saninsa. A lokacin ina shirin raka wani tsohon abokina Kwatano ɗaurin auren ɗansa, har na karɓo ɗinki. Matata ta ninke kayan ta mayar akwati. Na ce mata ai ko daga Makka ana iya buɗe abin nan da waya. Ta ce in je in faɗa wa Baba. Na auna, na ga a'a ɗaya na samu a rayuwata, kuma na riga na kashe ta a hanyar Ambursa. Na kai kuka wurin Madam, ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce a dokarsu babu wannan, amma tana ganin ya kamata a ƙara.

Yanzu duk Juma'a sai na je Argungu na zauna a zaure a gan ni. In na shigo sai Baba ya ce wa jama'a ga ajiyarmu ta zo, a matsa mata. Ba ya wasa da ni, ba ya kuma fushi. Yana dai tambayar lafiyata fiye da yadda yake tambayar ta ɗiyarsa: ko ina shan maganin hawan jini, ko tayoyin motata sababbi ne. Malamai sun rage rubuta sunaye, ba don sun ji maganata ba, sai don Baba ya ce duk wanda ya sake zai zo zaure ya yi bayani.

Kwanan baya wani babban mutum a unguwar su Baba, ƙanin hakimi, ya ja ni gefe bayan sallah. Ya ce yana so ya ga abin da malamai ke cewa a kan jikarsa, in ɗan buɗe masa, tsakaninmu. Na ba shi haƙuri, ya matsa, na sake ba shi haƙuri, ya tafi yana karkaɗa riga. Da na koma zaure na tarar Baba ya riga ya sani, kuma daga yadda mai keke yake ɓoye fuska na gane Baba ne ya turo mutumin ya gwada ni. Baba bai ce na yi daidai ba. Ya sa aka dama fura mai sanyi, da nono har baki, ya miƙo mini ƙwaryar da hannunsa a gaban kowa.

Na karɓa da hannu biyu. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, kuma abin da Baba ya miƙo ba a ajiye shi ƙasa. Haka na zauna da ƙwarya a cinya, ga zafi, ga ƙishirwa, ina kallon ludayi yana yawo a kan nono, shi kuwa ya juya ya ci gaba da yi wa liman bayanin yadda za a yi da tsuntsayen da suka sauka a fadama bana.